Jakin da Bai Ɗaga Kai Ba

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, saura shekara biyar Turawa su naɗe tutarsu su ba mu wuri, aka ɗaure wani farin ƙyalle tsakanin gwafanni biyu a filin makarantarmu ta elemantare a Batsari. Ina aji uku a lokacin, shekaruna ba su wuce goma sha ɗaya ba. Kafin a kira magariba filin ya cika ya batse. Mutanen Karare sun zo da tabarminsu, mutanen Runka sun ɗaure jakunansu a gindin tsamiya, Fulani sun tsaya daga gefe da sanduna a kafaɗa, mata kuma sun jeru a bayan danga suna leƙe. Da yawa sun ɗauro layu a damtse kamar masu fita yaƙi, har da wani dattijo da ya riƙo tasbaha a hannun dama, barandami a hannun hagu, don bai yanke shawarar wanne zai fi amfani ba. Duk wannan taro bakina ne ya tara shi. Ina tsaye ina kallonsu, na san abin da na ce musu za su gani, amma ban san abin da ke cikin akwatin masu majigin ba.

Majigi, ga wanda bai riske shi ba, mota ce mai inji da ke yawo gari gari tana haska hotuna masu motsi a jikin ƙyalle. Hotunan ba sa magana, sai wani mutum ya tsaya daga gefe yana bayani ta lasifika. Kwana huɗu kafin zuwan motar, Hedimasta ya tsayar da mu a fareti bayan mun gama sharar fili, ya karanta mana takarda cewa za a nuna hoton gargaɗi mai ban tsoro, a kan yadda zubar da mushe a bakin gari ke jawo kura har ta ɗauki yaro. Ya zaɓi masu kakkaifar murya su kai shela. Ni ne na farko, tunda ni ke jan baƙi idan ana haddar sau ta lissafi, kuma an ce ana jiyo ni daga marina. Aka ba mu hutun kwana biyu, muka watsu.

A unguwarmu na faɗi abin da takarda ta ce, kura ta ɗauki yaro ɗaya. Matan da ke sussuka ba wadda ta ajiye taɓarya. Ɗaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kura? Sai ka ce wani sabon abu.” Abin ya yi mini ciwo. Da na isa Karare sai kurar ta cinye yara biyu da kakarsu. A hanya na ci karo da ’yan Runka suna kora jakuna, na mayar da yaran bakwai, na ƙara da cewa a birnin Katsina wani ƙato ya suma, saboda haka mai raunin zuciya ya zauna gida. Kafin in kai Ruma kurar ta yi girman da take tsallake danga ba tare da ta ɗaga ƙafa sosai ba, kukanta kuma yana tsinka nono a ƙwarya. Tun ina wannan shekaru na gano abin da masu tallar fim suka mayar sana’a daga baya: mutum ba zai taka ƙofar gidansa don a yi masa gargaɗi ba, amma zai yi tafiyar yini guda don a razana shi.

Kuskurena shi ne na yi wannan shela a gaban Baffa Mati. Yayan mahaifina ne, manomi a Ruma, mafarauci idan rani ya yi, kuma a cinyarsa ta hagu akwai wani rami da kura ta bar masa tun yana saurayi, wanda ya sa yake tafiya kamar yana auna ƙasa. Shi ne babba a gidanmu, maganarsa ita ce ƙarshe. Ranar da aka rubuta sunana a makaranta bai so ba, mahaifina, wanda ɗinki ya kawo shi Batsari, ya yi ta lallashi, har Baffa ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: duk ranar da ya kama ni da ƙaryar boko, zai ɗauke ni ya damƙa mini fartanya. Ba barazanar banza ba ce, don a wancan zamani idan ɗan makaranta ya nutse cikin ƙauyukan bakin daji, ba mai bin sawunsa fiye da mako biyu. Yana zaune yana gyaran gwafar kibiya ya saurare ni har na kai aya, sa’an nan ya ce, “To, ɗan boko. Gani ya kori ji. Ni zo in ga wagga kura taku.”

Ga shi kuwa ya zo, ya zauna a sahun gaba, ya miƙe ƙafarsa mai tabo. Da aka idar da salla inji ya tashi, haske ya bugi ƙyalle, jama’a suka ja da baya gaba ɗaya kamar an watsa musu ruwan zafi. Sai aka fara da hoton yadda ake shanya gyaɗa. Mutanen da suka baro gyaɗarsu a gona don su zo su ga mutuwa ido da ido suka zauna ana koya musu shanya. Aka yi haƙuri, aka yi gyaran murya, wani ya tambaya daga baya ko kurar tana cikin buhun ne. Can dai mai bayani ya sassauta murya ya ce kowa ya riƙe ɗansa.

Aka nuno wani ƙauye, mai bayani ya ce tsakar dare ne, alhali inuwar kowane rumbu tana kwance a gindinsa kamar an kusa azahar. Wata mata ta jawo mushen akuya ta yar a bayan danga. Aka nuno yaro kwance a tabarma a ƙofar ɗaki. Har nan dai mutane sun yi tsit, ina jin numfashin na kusa da ni, har na fara sa rai ƙaryata za ta haifi ɗa mai ido. Sai mai bayani ya kafa baki a lasifika ya yi kukan kura. Allah ya jiƙansa idan ya rasu, amma abin da ya fito daga bakinsa ya fi kama da zakaran da mura ta kama. Kafin a gama haɗiye wannan, sai ga kurar ta shigo. Ba ta laɓe ba, ba ta raɓe ba, ta tako tsakiyar ƙyalle sarai, daga hanci har wutsiya, ta yi ƙiba kamar ragon layya, tana tafiya a kasalance irin ta wanda aka tasa daga barci aka aike shi. A wuyanta akwai zoben da gashi ya goge. A bayanta kuma, taku uku ba su cika ba, ga jaki ɗaure a turke yana cin harawa, yana kaɗa jela yana korar ƙuda. Ko kai bai ɗaga ba.

Muryar Baffa ce ta fara fita, bai kuma ɗaga ta ba. “Wanga jaki, kurma ne ko makaho?”

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin daji ya san abin da yake nufi. Jaki yana jin warin kura tun tana bayan gari. Zai tsayar da kunne, jikinsa ya ɗauki rawa, ya tsinka igiya ko ya karya turke, karnuka kuma su shige ƙarƙashin rumbu. Masu hoton sun kashe kuɗi sun samo kura, sun samo inji, sun samo mota, amma ba su samu mutum ɗaya da zai ce musu a kwance jakin nan a kai shi bayan gida ba. Gunaguni ya tashi daga gaba ya gangara baya. Sai wani ɗan Runka ya miƙe tsaye, inuwar kansa ta rufe rabin ƙauyen, ya ce, “Ai na san ta! Kurar gardawa ce. Ga shatin sasari nan a wuya. Irinta ta zo kasuwarmu bara, har ɗana ya hau bayanta.” Daga nan aka shiga yi wa hoton filla-filla, kamar mahauta sun samu sa. Da kurar ta ɗauki yaron, kowa ya ga ƙunshin tsumma ne, ƙafarsa guda tana lilo ba gwiwa. Da uwar ta fito kururuwa, matan bayan danga suka lura ɗankwalinta bai ko karkace ba, har tana tallafe shi da hannu ɗaya kada ya faɗi.

Na sha jin malaman zamani suna cewa mutanen ƙauye ba su fahimci majigi ba, shi ya sa suke dariya a inda ya kamata su firgita. Wannan magana ce ta wanda bai je ba. Sun fahimta fiye da masu shi. Kuma a daren nan ba dariya aka yi ba, fushi aka yi. Sun zo da zuciyarsu a tafin hannu, sun yarda a tsorata su, wannan kuwa amana ce, sai aka ba su abin da ko ɗan yaye ba zai saki nono saboda shi ba. Akwai wata tsohuwa daga Ruma a cikin matan, wadda kowa ya san kura ta ɗauke mata jariri shekaru da dama da suka wuce. Ta ratso maza har gaban ƙyalle, abin da ba a saba gani ba, ta dubi matar hoton mai gyara ɗankwali, ta tofar da yawu, ta juya. Kamar jira ake. Karan dawa ya fara sauka a kan ƙyallen, sai ɓawon gyaɗa, sai busasshen kashin jaki, wanda a ganina shi ne sharhi mafi dacewa da aka taɓa yi wa wani fim a ƙasar nan. Masu majigi suka kashe inji, suka naɗe ƙyalle cikin gaggawar da ba su nuna ba wajen kafa shi. Cikin duhun na ji ana tambaya, “Ina yaron nan mai bakin ganga? Ina mai kura ta cinye bakwai?” Ban kai ga gudu ba na ji yatsun Baffa sun zagaye wuyan hannuna.

A zaurenmu bai yi doguwar magana ba. Ya ce wa mahaifina alkawari kaya ne, gobe bayan Juma’a zai tafi da ni. Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, yaro ne.” Baffa ya ce ai shi ya sa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma makarantar da ta aiki yaro ya tara dattawa a kan ƙarya, ta kuma kawo ƙaryar da ta fi tasa muni ta rataya a gwafa, ba ta da abin da za ta ƙara masa. Ban sami bakin cewa Hedimasta yaro ɗaya ya ce ba, don sauran shidan nawa ne. Washegari Inna ta ƙulla mini kayana a tsumma, ta cire wandon makaranta ta ajiye a ƙasan adudu. Na wuce ta bayan makaranta ina jiyo abokaina suna langa, wani yana ihun an kama ruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin karatun da muka kai rabi. Na yi ta tunanin ba zan taɓa sanin yadda labarin ya ƙare ba.

Sai bayan la’asar muka kama hanya, don Baffa ya tsaya sayen gishiri da kanwa. Ya ɗora wa jakinsa mangala, shi a gaba da ɗingishinsa, ni a baya da kunyata. Muka ratsa gonaki da aka girbe gero aka jingine dammuna, dawa kuma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Ya bar babbar hanya ya bi wata ’yar siririya da ta raɓi daji, ya ce ta fi kusa. Tun daga gari yake yi mini faɗa, ba ya gajiya, har rana ta yi ja ta faɗa bayan itatuwa, tsuntsaye suka gama hayaniyar neman makwanci. Muna cikin wani kwari mai yawan geza, yana tsakiyar kalma, sai jakin ya tsaya.

Ya kafe ƙafafunsa huɗu. Kunnuwansa suka miƙe suka juya hagu. Na ga fatar wuyansa tana rawa, gishirin cikin mangala har yana ƙara. Baffa bai ƙarasa kalmar ba, kuma har ya bar duniya ban san mece ce ba. Ya ɗora tafinsa a kaina ya danna, ɗaya hannun ya sauko da baka a hankali. Gyare ya daina kuka. Wani wari ya zo, kaɗan, kamar na fatar da aka manta a jiƙo, sa’an nan iska ta ɗauke shi. Na zuba ido a inda jakin yake kallo, ba komai sai geza da duhun da ke taruwa a gindinta. Wani reshe ya motsa, ko kuma idona ne. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san na ji ɗumi yana bin ƙafata, kuma ban damu ba. Can jakin ya saki numfashi, ya sauke kunne ɗaya, ya sauke ɗayan, ya ci gaba da tafiya kamar an biya shi bashin gaisuwa.

Sai da muka hango wutar gidajen Ruma Baffa ya yi magana. “Mi ka gani?” Na ce ban ga komai ba. Ya ce, “To, ita ke nan. Ranar da ka gan ta sarai, ko ta mutu ko kai ka mutu. Tsakanin nan kuwa, jaki ake kallo.”

Na yi mako uku a Ruma. Na ɗauki dammuna har wuyana ya sage, na kori birai daga dawa da gwangwani, na bi awaki, na ɗebo ruwa da asuba ƙafata tana tsagewa. Yara suka sa mini suna Mai Bakwai, sunan da har yau tsofaffin abokaina ke kirana da shi, su da suka rage. “Tsoro na daji, kunya ta gida,” in ji masu magana, ni kuwa na haɗa biyun a wuri guda. Wata rana da yamma, bayan an ci tuwo, maza suna zaune a ƙofar gida ana ɓarar gyaɗa, sai Baffa ya kira ni ya ce in faɗa wa mutane abin da ya faru a kwari. Na san jarrabawa ce, ta fi duk wadda Hedimasta ya taɓa yi mana. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi in sa idanu biyu masu walƙiya a cikin gezar, ko in ƙara ɗan gurnani. Na dubi ramin cinyar Baffa na haɗiye. Na faɗi yadda jakin ya tsaya, da kalmar da ba a ƙarasa ba, da gyaren da ya yi shiru, da warin da ya zo ya wuce. Har ɗumin ƙafata ban ɓoye ba. Ba wanda ya yi dariya. Hannuwa suka tsaya a cikin gyaɗa. Wani ya tambaya a hankali, “To, tana nan ɗin?” Na ce wallahi ban sani ba. Sai na ji wata mata daga cikin gida tana kiran ’ya’yanta da ke wasa a bakin danga su shigo, ta sake kira da ƙarfi, aka ja ƙyaure.

Kwana biyu bayan haka Baffa ya ɗora ni a kan jakin nan, ya raka ni har ƙofar makaranta, ta babbar hanya, da rana tsaka. Bai shiga ba. Ya ce, “Ka warke. Tahi ka koyi rubutun. In ka iya, ka rubuta ma masu farin ƙyallen can, ka ce in za su sake, su fara tambayar jaki.” Ban taɓa sanin ko da gangan ya bi da ni ta kwarin ba. Na tambaye shi sau ɗaya bayan na zama malami, ya ce shi dai ya san hanyar ta fi kusa.

Wasiƙar ban rubuta ba, ga shi sai yanzu. Na kuwa ga ana bukatarta, don jikokin masu majigin nan suna nan sun cika wayoyin jikokina. Nakan leƙa idan sun taru a tsakar gida suna kallon abin da suke kira fim ɗin ban tsoro. Tun minti na farko an turo maka dodon a fuska, an shafe shi da gari da jan galura, an sa masa haƙoran roba, ana buga ganga a kunnenka don kada ka manta cewa tsoro ake so ka ji. Aljana tana tashi sama, a bayanta kaji suna kiwo hankali kwance. Jakin nan dai bai mutu ba, har yau yana cin harawarsa. Masu yin ba su san tsoro ba, sun san ƙara da jini. Amma na fi jin haushin masu kallo. Mutanen da na tara a filin makaranta ba su iya karatu ba, duk da haka da aka raina musu hankali sun san an raina, suka mayar da martani da abin da ke kusa da hannunsu. Na yanzu sai su yi tsaki, su ce ba shi da kyau, su danna na gaba.

Ko da yake, wataƙila ban yi musu adalci ba. Hanyar kwarin nan yau ba mai bin ta, ba don kura ba, kura ta daɗe da barin dajin ga waɗanda suka fi ta. Mutanen Ruma da Runka ba sa bukatar a kafa musu ƙyalle. Suna kwana da kunne a buɗe, kuma ba jaki suke saurare ba, ƙarar babura suke saurare daga nesa. Yaran da suka taso a haka, ban ga laifinsu ba idan sun fi son dodon gari da galura, wanda ake kashewa da ɗan yatsa. Nakan tuna da jama’ar nan da layunsu da tabarminsu, sun yi tafiyar yini suna neman abin da zai firgita su, suka koma gida cikin dare suna zage-zage don ba su samu ba, ba wanda ya tare su a hanya. Ashe zaman lafiya ne ya sa muke zuwa neman tsoro da ƙafarmu.